Lasisin Emmett Kroll

Wata shida bayan rasuwar Orval, matarsa Lorene ta yanke shawarar rabuwa da bindigarsa ta harbin barewa. Ta sa hotonta a shafin intanet na masu saye da sayarwa. Kwana biyu sai ga saƙo daga wani mutum a wata jiha, yana so, ko tayi bai yi ba. Da yake doka ba ta yarda bindiga ta tsallake jiha ba sai ta hannun dillali mai lasisi, sai ya turo mata hoton lasisin dillalinsa, wani Emmett Kroll, har da sa hannu.

Lorene tsohuwar malamar makaranta ce, kyan takarda ba ya ruɗarta. Da hantsi ta zauna a kicin, ta buɗe shafin hukuma, ta shigar da lambobin lasisin ɗaya bayan ɗaya. Babu wannan lasisi. Ta goge tabarau ta sake. Babu.

Ta buga lambar wayar da ke jikin takardar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Barka da hantsi, matar Orval," in ji wata murya mai sanyi.

Ba ta faɗi sunanta ba, a shafin ma da wani suna daban take. Ta daure ta ce, "Malam, lambar lasisinku ba ta fito ba."

"Haka na'urorin nan suke. Kar ki wahalar da kanki da gidan waya, mu zo mu ɗauka. Ai ƙofar shingenki a buɗe take."

Ta leƙa taga. Ƙofar da ta ɗaure da sarƙa bayan ta ba shanu abinci tana can a wangale. Ba mutum, ba mota, sai ciyawa iya ganin ido. A cikin wayar kuwa tana jin kukan famfon iska mai jawo ruwa, yana tafiya daidai da na bayan gidanta.

Ta kashe wayar. Ta naɗe bindigar a bargo, ta fita ta baya, ta shiga motarta, ta bi hanyar makiyaya, mil arba'in har shagon Hoyt Dunaway, dillalin bindigogi na garinsu, wanda suka yi aji ɗaya da shi.

"Kai, yau wa za a harbe?" in ji Hoyt yana dariya. "In ni ne, bari in shanye kofina."

"Rufe baki ka duba wannan, tsohon banza."

Ya karanta, dariyar ta ɗauke. "Emmett ai shekara huɗu ke nan da rasuwa. Da ni aka ɗauki akwatin gawarsa. Wani ne ya samu tsohuwar takarda ya gyara kwanan wata." Ya buga lambar wayar da kansa, aka ce babu irinta.

Hoyt ya kira ɗan sanda, ya raka ta gida, ya zaga ko'ina bai ga sawun tayar baƙuwar mota ba. Ƙofar shingen kuma a rufe suka same ta, an naɗa sarƙar sau biyu, ita kuwa sau ɗaya take naɗawa.

Lorene ta bar bindigar a hannun Hoyt, ya sayar wa wani manomi da ya sani. Ta yi mako uku a gidan ƙanwarta kafin ta iya komawa, da ta tashi komawar ma sai da ta taho da karnuka biyu.