Buhunan da Aka Faɗa wa Yaya Iliyasu

Yayana Iliyasu ya yi shekara ashirin da shida yana koyar da ƙididdiga a jami'a a Kano. Ya rasu bara da azumi. Ni a aji huɗu na bar firamare, don haka abin da na sani na aikinsa shi ne abin da na gani.

Lokacin da yake neman digirin dokta, shekara uku ya yi yana zagaya Kura da Bunkure a babur, yana tambayar masu noman rani buhun shinkafa nawa suka samu a eka. Manomi ɗari huɗu ya tambaya. Ya gama rubutu, saura wata biyu ya kai wa malamansa.

Ran nan ya biyo gidana cin abinci, takardunsa a gefe. Ya ce, "Baraka, maigidanki Hashimu buhu sha takwas ya samu bana, ko?"

Na yi dariya. "Talatin da ɗaya. Ga su can a ɗaki, je ka ƙirga."

"Sha takwas ya ce min."

"Yaya, birni ya cinye ka. Wa yake faɗin gaskiyar abin da ya noma? Tsoron baki fa? Ko Baba, Allah ya jiƙansa, ragewa yake."

Ya ajiye cokali. Ya tambaye ni nawa ake ragewa. Na ce ya danganta da mai tambaya, da wanda ke tsaye kusa. Ya ce da ragin kowa iri ɗaya ne da ya gyara da biro, wannan kuwa ba ya gyaruwa.

Hashimu yana bakin ƙofa yana alwala, ya ce, "Malam, kai musu haka nan mana. Wa zai zo ya ƙirga?"

Yaya bai kai musu ba.

Da aka fara yankan shinkafa ya dawo. Ya daina tambaya. Sai ya tsaya inda ake bugu, a cika buhu a gabansa, ya rubuta, ba sunan kowa. Wasu sun kore shi daga gonarsu. Wani dattijo a Bunkure ya ce duk shekarar da mai biron nan ya leƙo, tsuntsu ne ke cinye masa shinkafa. Haka ya ƙara shekara huɗu.

Ya zama dokta yana da arba'in da bakwai. Ɗalibansa biyu sun zama farfesa, shi bai kai ba. Ban taɓa jin ya yi zancen ba, ni ma ban tambaye shi ba.