Ƙullin Zanen Afiniki

Afiniki ba ta taɓa shiga kotu ba, kuma da son ranta ne, da har ta mutu ba ta san launin ƙofarta ba. Amma ga ta yau a kan benci a kotun yanki ta Kafanchan, ƙafafunta da kyar suke taɓa ƙasa, ga jirgin ƙasa yana kuka daga wajen tasha. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce daga wani ƙauye a bayan Fadan Kagoma. Mijinta ya rasu tun kafin a canja kuɗi zuwa naira, ya bar ta da ɗa guda. Wannan ɗan, Rufus, malamin firamare, shi ne ke tsaye a akwatin wanda ake ƙara, ya sha farar riga da laktaye ɗaure a wuya sai ka ce ranar rabon kyauta a makaranta.

Abin ya faro ne da farkon damina, lokacin da ƙyanda ta shiga ƙauyen ta ɗauke wa Rufus 'ya'yansa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ba a gama zaman makoki ba bakin mutane ya fara aikinsa. Wai ina dalilin da tsohuwa za ta yi ta ƙara kuzari jikoki suna tafiya? Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a waƙar sujada ranar Lahadi, su ne suka fi kowa iya wannan raɗar. Rufus kuwa baƙin ciki ya riga ya toshe masa kunne ɗaya, ya buɗe ɗayan. Ya kama uwarsa ya sa a ɗakin ajiyar citta, ya danna kwaɗo, ya ce ba za ta fito ba sai ta amsa cewa ita ta cinye yaran. Ranar da ta ƙi amsawa har ya gaji, ya zaro bakin wuta daga murhu ya manna mata a ƙirji, daidai kan nonon da ya sha.

Mairama, Bafulatanar da ke kawo musu kindirmo, ita ta ji nishi ta bayan ɗakin. Ta je ta gaya wa Edna, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, wadda kuma ita ce shugabar zumuntar mata a majami'arsu. Edna ba ta iya fushi a zaune ba. Ta jira Rufus ya hau kekensa ya tafi makaranta, ta tara mata suka ɓalle kwaɗon da taɓarya, ta goya tsohuwar zuwa gidanta, ta kuma kai magana gaban hukuma ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

Sai dai abu ɗaya ya gagare ta: Afiniki ta ƙi bari a ga ciwon. Ta yi ɗaurin ƙirji, ta ƙulle bakin zanen biyu a ƙarƙashin hammata, ta yafa gyale a kai. In za ta shafa man kaɗanya sai ta rufe ƙofa, ta juya wa duniya baya. A ƙasarsu, da mai zuwa majami'a da wanda bai taɓa leƙawa ba, kowa ya san abin da ake nufi in uwa ta buɗe ƙirjinta a kan ɗanta tana ambaton laifinsa. Tsinuwa ce, wannan ɗan ya gama yawo. Tana budurwa ta ga an yi wa wani, mutum mai gona da mata, ƙarshensa a bakin tashar jirgi ya ƙare yana tsintar ɓawon rake.

"Mama, wannan ba ya cikin Littafi," in ji Edna.

"Na sani," in ji Afiniki. "Amma ni da idona na gani."

Yanzu a kotu Rufus ne ke magana, kuma ya iya magana, Allah ya ba shi. Ya gyara laktaye ya dubi alƙali.

"Ranka ya daɗe, ni ticha ne. Ni nake koya wa yara cewa ƙwayar cuta ke kawo ƙyanda. Ta yaya zan yarda da maganar maita? Mamana ta tsufa, hankalinta yana zuwa yana komawa. Ta taɓa fita ta kusan faɗawa rijiya, shi ya sa nake rufe ta in zan tafi aiki. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba."

Afiniki ta sunkuyar da kai. Muryar nan da yake yi mai laushi ita ta fi ba ta tsoro, don da irinta yake fara magana a bakin ƙofar ɗakin cittar kafin ya murɗa ɗan makulli.

Aka kira Mairama. Ta ce ita nishi ta ji, kwaɗo ta gani, ba ta ga duka ba, kuma ba za ta ƙara a kan abin da idonta ya gani ba. Aka kira Edna, ta zuba bayani har masinjan kotu ya tsawatar mata sau biyu. Alƙalin, wani dattijo mai tabarau da aka turo daga nesa, ya bar ta ta gaji sannan ya tambaye ta, "Ke kin ga raunin da idonki?"

Edna ta ce, "Ta hana ni, ranka ya daɗe. Amma ina jin warinsa."

"Kotu ba ta hukunci da wari," in ji alƙali. Ya cire tabarau ya dubi tsohuwar, ba da mugunta ba, da gajiya dai irin ta wanda shari'o'i ke jira. "Mama, ki saurare ni. In ɗa ya rufe uwarsa don kada ta faɗa rijiya, bai kyauta ba, amma ba zan ɗaure shi a kan haka ba. Kuma a al'adarku shi ne mai riƙonki. In babu rauni, yau ɗin nan zan mayar da ke hannunsa, in ja masa kunne. In akwai, wannan wata magana ce. Kin ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ɗazu. Ɗanki ya taɓa jikinki?"

Nan take ɗakin cittar ya dawo mata gaba ɗaya. Duhun, da yajin da ke shiga ido da maƙogwaro, da ɓerayen da ke bi ta kan ƙafafunta, da ƙararrawar kekensa in ya dawo da la'asar. Yanzu kuma ga ƙarin laifi, ta sa an tsayar da shi a gaban jama'a. In ya sake rufe ta, ba a wannan ɗakin zai sa ta ba, kuma babu Mairamar da za ta ji. Tsoro ya kama ta har ta ji fitsari ya matse ta.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "yaro na ne. Shi ɗaya ne Allah ya bar mani."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Ina ciwon yake? Nuna wa kotu."

Bawan Allah, shi a zatonsa a kafaɗa ne ko a gadon baya. Amma mutanen ƙauyen da suka cika bencin baya sun san inda yake, don babu abin da ke ɓoyuwa a ƙauye. Surutu ya ɗauke cak. Wata mata ta ja ɗankwali ta rufe fuskarta.

Afiniki ta ɗago ta dubi Rufus, karon farko tun safe. Ya rame. Wuyan rigar ya yi masa yawa, ga kunnuwan ubansa sun fito zaro-zaro. Ta tuna mutumin nan na bakin tasha, ta sa fuskar Rufus a jikinsa, sai ta ji wannan tsoron ya danne wancan. Ta yanke shawara a ranta. Za ta koma, ko wane ɗaki ne. In mutuwa ce ta mutu a ciki, ai ta ci nata rabon, amma ba da hannunta za a lalata yaron nan ba.

Sai ta ji zanen ya yi sako-sako. Girgizar motar da ta kawo su da gumin da take ta yi sun sassauta ƙullin. In ya zame da kansa a nan, a gabansa, ana tsakiyar ambaton laifinsa, wa ya san ko hakan ma zai kama shi? Ta yi maza ta ture gyalen, ta kai hannu biyu ƙarƙashin hammata don ta ƙara tamke shi.

Rufus ya ga gyalen ya faɗi, ya ga hannuwan uwarsa a kan ƙullin.

Wani irin sauti ya fita daga bakinsa, irin wanda yake yi yana yaro in ya yi mugun mafarki. Gwiwoyinsa suka bugi katakon akwatin. Ya miƙo hannu biyu ta saman katakon, laktayen yana lilo.

"Mama, kada ki kwance. Don Allah, don Yesu, kada ki kwance. Ni ne. Ni na ƙona ki. Ranka ya daɗe, ni na sa mata wuta, a ƙirji ne, ku ɗaure ni. Ku ce mata ta sauke hannu."

Afiniki ta tsaya da hannuwa a kan zanen, ta kasa gane abin da ke faruwa. "A'a," ta ce. "Ba haka ba. Ɗaurewa nake yi." Amma kukansa ya rufe muryarta, magatakarda kuma ya riga ya sa alƙalami. Ta ja ƙullin da duk ƙarfinta, ta sake ja, wai ko zai gani ya gane. Shi kuwa ya kifa goshi a katako ya runtse ido, ya ƙi duban wajenta.

Alƙali ya dubi tsohuwar. Da ya fahimci abin da ya nemi tsohuwar ta yi a bainar jama'a, sai ya sunkuyar da kai ya ce wa Edna ta ɗauki gyalen ta rufa mata. Ya yanke wa Rufus ɗauri. Ya ce ɗakin Afiniki da gonar cittarta nata ne muddin ranta, ta zauna inda ta ga dama, kuma duk wanda ya sake kiranta mayya zai zo ya tsaya inda ɗanta ya tsaya. Ya faɗi haka yana duban bencin baya, inda kowa ya zama salihi nan take.

Da ɗan sanda ya zo wucewa da Rufus, ta kama gefen benci ta miƙe.

"Rufus, ban buɗe ba. Ka ji ni? Ban buɗe ba."

Bai ɗago ba. Ya ratse can nesa da ita har kafaɗarsa tana gogar bango, aka fita da shi. Ba ta sani ba ko ya ji, kuma wannan ya fi ciwon ƙirjin ci mata rai.

Da yamma, a ɗakin shan magani, Edna ta ce yau kam ba za ta saurari gardama ba, ciwon ya fara ruwa. Afiniki ta sa aka rufe ƙofa da taga. Ta tambaya ko gidan yarin yana da nisa daga nan, aka ce mata da nisa. Ta ce kada Edna ta kira sunan kowa har a gama, Edna ta yi alkawari. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, Edna ta gwada da farce ta gwada da haƙori, ƙarshe sai almakashi ta sa. Zanen ya manne da naman, sai da ta jiƙa shi da ruwan ɗumi tana ɓamɓarewa a hankali. Da ta ga abin da ke ƙarƙashi, sai ta jawo kwalbar magani, ta sassauta murya.

"Zai yi zafi, Mama. In kin ji, ki yi kuka, ba kowa."

Afiniki ta girgiza kai. Ta dunƙule bakin gyalenta ta cusa a baki ta cije, domin tun da mijinta ya mutu, duk abin da ya yi mata zafi sunan Rufus take kira.