Birkin Motar Saja Haggai

Ni dai ban iya noma ba, kuma duk unguwarmu Rikoto an san haka. Shi ya sa ranar da kawuna Solomon ya kai gaisuwar neman auren Jessica, mahaifinta Saja Haggai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a zamaninsu saurayi sai ya yi golmo, ya shekara da shekaru yana nome gonar surukai kafin a ba shi mata. Sannan ya nuna tsohuwar Fijo a-kori-kura da ke ƙarƙashin mangwaronsa.

"Tunda kai makanike na, Philip, ga gonarka nan. In na ga hankalinka zan aika ma manyanka."

Tun daga ranar nake nome motar nan rani da damina, aike kuwa shiru. Saja ya yi ritaya daga soja, amma muryarsa ba ta yi ba. Ko sannu zai ce maka sai ka ji kamar ka ƙame.

Wata Asabar cikin kakar 2005 Jessica ta same ni a gareji da safe, ta ce Baba na kira, birki na wasa. Matan zumunta na cocinmu za su taro a garin Dirin Daji da rana, Saja ne zai kai su, ita kuma za ta bi mahaifiyarta ta riƙe mata tulun kiɗa. Ina jin haka na kwashi sifanoni da man birki na bi ta.

Na ɗan zaga da motar a layi. Takawar farko ƙafata ta kusa taɓa ƙasa, sai da na yi ta bugawa kafin ta kama, da ta kama kuma sai ta fizga dama. Wannan fa babu kaya ke nan. Na tuna gangaren nan na hanya mai kwana a ƙarshensa da 'yar siririyar gada, na hango bayan motar cike da mata a kan benci.

Na buɗe kofin man birki. Abin da ke ciki ba mai ba ne, wani ruwa ne gurɓatacce mai kumfa. Na murza a yatsa na shinshina, ƙamshin ranar wanki ya bugo ni. Ruwan omo! Nan na tuna labarin da Saja ya yi ta bayarwa a ƙofar coci da damina, wai birki ya tsinke masa a hanyar Ribah amma ya dawo gida da dabarar soja. Bai taɓa faɗin dabarar ba, bai kuma kira ni in duba ba. Gaskiya a daji direbobi kan yi haka don a isa gida, amma washegari ake wankewa a zuba mai. Shi nasa ya kwana watanni yana cin ƙarfe. Na haɗiye maganar, na ɗaga motar a jak.

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya na takawa, ɗaya na ƙasa yana kwance ɗan notin da ke bayan taya. Saja kuwa ba ya yarda kowa ya zauna masa a kujera in yana wurin, don haka shi ya hau. Ga ni kwance a ƙasa, wai in ba surukin da nake nema umarni.

"Baba, a ɗan taka."

"Mi?"

"Na ce don Allah a taka, Baba."

"Yi magana kamar namiji mana!"

To, haka na koma ina daka wa tsohon saja tsawa. Taka! Riƙe! Saki! Ina jiyo dariyar Jessica daga bayan zana, ni kuwa gumi ya jiƙa ni.

Tayar baya ta dama ta tofar da kumfa mai launin tsatsa. Na koma ta hagu na kwance noti, na ce a taka. Ko ɗigo. Na sake cewa a taka, shiru. Sai na kama bututun da yatsa na bi shi a hankali har inda ya rabu biyu. Can na tarar da shi: an yanke, an daka bakin da dutse, an lanƙwashe. Tayar nan tun damina ba ta san ana birki ba. Wannan ma da sauƙi. Da na bi babban bututun da ya taho daga gaba, tsatsa sai zubo mani take a ido, kuma a ƙarƙashin wani maƙali na ji danshi, ƙarfen ya yi laushi kamar busasshen kara. Sabon bututu kuwa ba za a same shi yau ba, ko da a yi ta yawo.

Mata sun fara taruwa cikin zannuwansu iri ɗaya, ana ta jera benci a inuwa. Na rarrafo na durƙusa a bakin ƙofar direba, na yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai shi.

"Baba, motar ga ba ta zuwa yau. Ruwan da anka zuba ya cinye bututu, kuma taya guda ba ta da birki."

Bai yi tsawa ba, wanda ya fi ba ni tsoro.

"Aikina kake zagi? Da aikin nan na kwaso dawa daga Ribah, ban ture ko kaza ba. Sauke ta. In kuwa ba ka iyawa, faɗa mani, in san irin mutumin da ke neman ɗiyata."

Na waiga. Jessica ta fito rungume da tulun kiɗa, tana neman inda za ta zauna a benci. In na sauke motar, ita ce a kan gangaren can. In na ƙi, na san Saja, magana ɗaya yake yi. Ta ko'ina na duba rasa ta zan yi.

"Baba, alfarma ɗaya. A taka da ƙarfi duka, kamar saniya ta faɗo hanya, a riƙe. In ta riƙe zan sauke."

Ya yi tsaki ya gyara zama. Na koma ƙasa na zuba wa wurin danshin ido. Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa roƙon Allah abu ya lalace ba sai ranar.

"Taka!"

Motar ta ɗan girgiza. Bututu ya riƙe. Na ji kujera na ƙara, tsohon yana ƙara dannawa don ya nuna mani. Ya riƙe dai. Wani ɗigo ya taru a maƙalin, ya yi nauyi, ya ƙi faɗowa. Har na fara tunanin ƙaryar da zan yi in hana tafiyar, sai na ji tas, ruwa ya feso mani a fuska, sannan na ji birkin ya bugi ƙasan mota.

Idona na raɗaɗi na lalubi lanƙwasasshen bakin nan na karya shi, na jefa a aljihu. Shaidata ke nan. Na rarrafo na fito.

"Mi ya faru?" in ji Mama Saloma, matar Saja.

Saja ya daɗe bai ɗauke ƙafarsa ba. Da ya sauko sai ya dubi matan, ya dube ni, muryar bariki ta dawo.

"Yaron ga ya fasa mani bututu! Mota lafiya lau!"

Guna-guni ya tashi. Shugabar zumunta, Mama Magdalene, ta tafa hannu ta ce, "Wannan na za a ba Jessica?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa hannu a aljihu na damƙe guntun ƙarfen. Fitowa da shi kawai zan yi, gobe duk coci a san wa ya kusa zubar da matan mutane a gada. Saja na kallon hannun nawa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ta tsufa nan take.

Na zaro hannun babu komai, na durƙusa.

"A yi haƙuri, Baba. Hannuna na."

Aka kwashe benci ana mita, matan suka nufi tasha neman bas. Jessica ta ajiye mani kwanon ruwa, ta ɗauki tulunta ta bi su. Na fara tattara sifanoni, na riga na saddaƙar an gama da ni a gidan nan.

Saja ya zauna a kan saiwar mangwaro. Ya zuba wa ƙafarsa ta dama ido, wadda ya taka birkin da ita.

"Da a gangaren gada na fa?" ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Na ci gaba da tattara sifanoni. Can ya miƙo tafin hannu.

"Ba ni abin da ke aljihunka."

Na ba shi. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya sa a nasa aljihun ya maɓalle.

"Kawunka Solomon shina gari?"

"Yana nan, Baba."

"Ce mashi gobe bayan sujada ina gida. Wanke fuskar ga kuma, kumfa har kunne."