Jamusancin Sardor

Ajin Turanci ne ya cika, shi ya sa aka tura ni ajin Jamusanci a shekarata ta farko a jami'a, a Samarkand. Kalma ɗaya ban sani ba. A sati na biyu Malama Gulchehra ta ce mana tebur namiji ne, ƙofa mace ce, yarinya kuwa ba mace ba ce, ba namiji ba. Mu a Uzbekanci babu ruwan kalma da wannan. Na koma ɗaki na yi kuka.

Mu ashirin da biyu ne, duk 'yan koyo, ban da Sardor. Shi ya yi wata uku a Jamus yana tsinkar 'ya'yan itace a wata gona, ya dawo da hular ƙwallo da wani irin taku. Samsa ma, samosarmu ta gida, ya daina ci, wai mai ya yi yawa. Kome aka faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce "ja, ja", wato "i, i", kamar tsohon alƙali.

"Zebo, ki daina wahalar da bakinki," ya ce min ranar da na kasa furta biyar da Jamusanci. "Harshen nan sai wanda ya sha ruwan can."

Har Malama yake yi wa gyara. Ita kuma shekara ashirin tana koyarwa ba ta taɓa taka Jamus ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, wataƙila haka suke faɗa yanzu." Wannan ya fi komai ƙona min rai.

A wata na uku wata dattijuwa Bajamushiya mai suna Lindner, tsohuwar malamar makaranta, ta kawo wa sashenmu ziyara. Malama ta ce Sardor ne zai yi mata maraba. Ya miƙe ya gyara hula, ya zuba wata doguwar magana da ƙarfi. Dattijuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ga Malama ta yi tambaya a hankali.

Fuskar Malama ta yi ja. Ta ce, "Tana tambaya wane yare ne wannan."

Aka sa ya maimaita. Dattijuwar ta ce ta tsinci "yi sauri" da "kwando", sauran kuma ya yi mata kama da yaren Poland, kuma tana zaton zagi ne. Ashe abin da shugaban leburori ke daka masa a gona ne ya haddace.

Sai ta tambaye shi sunansa, tambayar da ke shafin farko na littafinmu. Ya ce, "Ja, ja."

Ta juyo kaina. Na ce sunana Zebo, daga Urgut nake, ina da ƙanne biyu. Na mayar da ƙanena mace, amma ta gane, har ta tambayi shekarunsu.

A wurin shan shayi na iske shi yana yi wa 'yan mata uku bayani. Wai matar 'yar kudu ce, Jamusancin ƙauye take yi, shi na birni ya iya. Biyu daga cikinsu suna gyaɗa kai.

Malama dai ba ta ƙara karɓar gyaransa ba. Da jarrabawa ta zo na haye da ƙyar, shi ya faɗi. Zangon da ya biyo ya koma ajin Koriyanci, inda na ji yana gaya musu cewa bayan Jamusanci komai wasa ne.