Ƙwaryar Hindu a Gaban Alƙali

Shekara talatin Hindu tana kawo fura da nono kasuwar Moriki, ba wanda ya taɓa cewa ta surka masa da ruwa. Sai ga shi a daminar farko bayan ƙaddamar da Shari'a, amai da gudawa ya ɓarke a unguwar mahauta, ya kwantar da mutum goma sha ɗaya, ya ɗauke yara biyu. Wani mahauci mai suna Ado, uban ɗaya daga cikin yaran, ya tuna ɗiyarsa ta sha furar Hindu ran kasuwa. Ya kai ƙara gaban alƙali.

Hindu ba ta ji haushin Ado ba, ta san zafin rashin ɗa. Abin da ya ci mata rai shi ne yadda mutanen da suka girma da furarta suke kau da kai idan sun zo wucewa.

Alƙali ya ce zargi ba hujja ba ne, ya ba da kwana huɗu. Hindu ta aika wa ɗiyarta Rahina, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Ƙaura Namoda tun da aka ba Zamfara jiha. Ita dai Hindu ba ta taɓa gane aikin nan ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Jini take dubawa."

Rahina ta zo da ƙananan kwalabe. Ta ɗebi nonon ƙwarya, ta ɗebi ruwan rijiyoyin unguwar, ta karɓi bayan gidan marasa lafiya biyu.

"Inna, in na ga cutar cikin ƙwaryarki zan faɗa," in ji ta. "Kuma shugabana, Malam Lukman, shi zai sa hannu, don kada a ce na rufa miki asiri."

"In kin ɓoye ma ban yafe ba," in ji Hindu.

Bayan kwana biyu Hindu ta bi motar kasuwa zuwa Ƙaura. Rahina ta zaunar da ita gaban madubin da ake ganin ƙwayoyin cuta, ta ce ta leƙa. Hindu ta ga wasu abubuwa kamar gutsattsarin tsinke, birjik. Da ta ji daga nononta suka fito, sai ta ja baya tana salati.

Rahina ta yi dariya. "Inna, waɗannan naki ne. Su ke sa madara ta kwana ta zama nono. Tsamin da suke yi ma kwalara ba ta iya zama cikinsa. Leƙa wannan kuma."

Na biyun lanƙwasassu ne kamar jinjirin wata, suna ta wulƙawa kamar 'yan kifi. Daga rijiyar bayan mahauta aka samo su, inda ruwan sama ya ja ƙazantar masai ya zuba. Ƙwayoyin kwalara ne, irinsu ne kuma a cikin bayan gidan marasa lafiyar.

Ranar zaman kotu Rahina ta miƙa takardar, ta yi bayani cikin Hausa garau. Alƙali ya yi tambaya, ta amsa, ya sake yi, ta amsa. Ya wanke Hindu, ya sa a rufe rijiyar har sai an zuba mata magani, a kuma yi shela kowa ya tafasa ruwan sha.

Sannan ya dubi Rahina ya ce, "Malama, ɗiyar wa ce ke?"

Hindu ba ta jira ba. Ta miƙe daga layin mata, ta gyara mayafi. "Allah gafarta Malam, tawa ce. Ni na goye ta."

Ado ya tare ta a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana neman gafara. Ta ce ba komai, ta yi masa gaisuwar rashi. Mako bai cika ba aka daina samun sabbin masu ciwon, kuma da yamma ran Juma'a Hindu ta je ta zauna da matar Ado har magariba.