Tukunyar Iska ta Ƙarshe

A asibitin nan ba mai kiran nas ɗin da sunanta, Bi-Layi ake ce mata. Shekara goma sha ɗaya tana raba katin lamba a bakin ƙofa, ko gwaggonta ce ta zo sai ta bi sahu. In aka ce mata naka sai naka, sai ta taɓe baki ta ce, "Ciwo bai san dangi ba." Kuma har ga Allah haka ta yarda.

Sai ambaliya ta zo ta cinye hanya da gada, ta kore ma'aikata da majinyata zuwa saman bene. Kwana huɗu ba wuta, ba likita. Tukunyar iskar numfashi ɗaya ta rage, kuma tana hancin wani tsohon tela, domin shi ya fara zuwa. A gadon da ke gefensa mahaifiyar nas ɗin ce kwance, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa, leɓɓanta sun fara yin duhu.

Da hantsi nas ɗin ta duba allurar tukunyar. Iskar ba za ta ishi mutum biyu ba. Ta kalli katin tela, lamba ɗaya, rubutun hannunta. Tsoro ya kama ta, ba na mutuwa ba, na abin da ta ji zuciyarta ta riga ta yanke.

Ta ce wa 'yar telan da ke jinyarsa, "Ƙanwata, ɗauki zanen gadon nan ki hau rufi ki yi ta kaɗawa, ko masu kwale-kwale za su hango mu."

"To, Yaya. Ga Baba nan, amana."

Ƙafar yarinyar na ɓacewa a matakala nas ɗin ta zare robar iskar daga fuskar tela ta ɗora wa Inna. Hannunta ko rawa bai yi ba, abin da ya fi damunta ke nan har yau. Tsohon bai kai azahar ba. Washegari kwale-kwale ya iso.

Bayan sati uku 'yar telan ta zo har gida da riga a ninke, ɗinkin babanta na ƙarshe.

"Yaya, ki karɓa. Kowa ya san ba kya son kai. Tunda a hannunki ya cika, hankalina a kwance yake."

Nas ɗin ta karɓa, ta yi godiya, ta raka ta ƙofa. Da ta dawo ta tarar Inna ta kau da kai ga bango, kwanon maganinta a rufe.

"Inna, lokacin magani ya yi."

"Idona biyu ranar nan," in ji tsohuwar a hankali. "Baki ne ban da shi. Duk numfashin da na ja yanzu, na mutumin nan nake ja." Sannan ta ce, "Ni na koya miki bin layi, 'yar nan. Da kin tambaye ni."