Motar Sodangi Ta Yi Zafi

Tun da hatsarin hanyar Moriki ya nakasa wa Sodangi ƙafar dama, babu mai mota a Kaura Namoda da ya sake miƙa masa makulli. Mutumin da a da idan ya taso daga Shinkafi, fasinja bai gama tauna goronsa ba sun iso, ya koma zaman benci a tasha, ana yi masa irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Gaisuwar nan ta fi ƙafar yi masa ciwo.

Sai ƙanensa Abdulhamid, wanda ya samu aiki a Gusau da aka yi sabuwar jiha, ya kawo masa tsohuwar kwamfuta, wai ya buɗe shago a tasha ya riƙa buga wa mutane takardu. Sodangi da ko sunansa sai ya yi gumi yake rubutawa! Abin da ya tono a cikinta shi ne wasan tseren mota, kuma ya zo a kan gaɓa. Shari'a ta shigo, an rufe gidan kallo, an tattara karta, direbobi masu jiran layi ba su da aiki sai hamma. Dattawan kwamitin unguwa suka zo suka duba, suka ce ba laifi muddin ba caca, kuma a kashe in an kira salla. Sai dai matar da ke kaɗa tuta a farkon tsere kanta ba ɗankwali. Sodangi ya manna guntun kwali a daidai inda take tsayawa, aka zauna lafiya, duk da kwalin yana rufe rabin kwanar farko.

Wannan motar ba ta buƙatar ƙafa. Yatsu kawai take so, yatsun Sodangi kuwa ba su manta komai ba. Kafin a ankara ya fi ƙarfin kowa a tashar, har aka koma kiransa Direba kamar da. Ba ya nunawa, amma daɗin sunan nan har barci yake hana shi.

Da bazara ta kama, motar ta fara ba shi kunya. Da safe yakan bar wa baƙi, tana gudu lafiya lau. Shi sai bayan azahar yake zama, a lokacin kuwa hoton ya dinga cijewa ke nan, ya danna hagu sai ta gama shawara sannan ta juya, ta kai shi cikin daji.

Maiwada, direban da ya gaji Fijon da Sodangi yake ja a da, shi ya fara faɗa a gaban mutane: "Baba, ka yi haƙuri hwa, hannun ma ya bi ƙahwar."

Aka yi dariya. Sodangi ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Da suka watse ya ɗora hannu a kan akwatin kwamfutar, ya ji shi kamar murhu. Dama matarsa Saratu ta ɗinka wa akwatin riga mai kauri, da furanni da geza, irin wadda take rufe kwanukan jerenta, don kada ƙura ta taɓa kayan Gusau. Ya tuɓe rigar, ya kwance gefen akwatin, ya tarar da 'yar fankar ciki ta toshe da datti har ba ta iya juyi. Ya sa gashin kaza ya share ta, ya busa, ya janyo akwatin daga jikin bango, ya bar gefen a buɗe. Mota ta miƙe.

"Inji dai inji na," ya ce da Saratu, wadda ta kwana biyu tana fushin rigarta. "Zahi ta yi, kamar kowace mota. Na san ciwonta."

Ya aika wa Maiwada cewa ya zo su kara, su biyu a madannai guda, kowa ya gani.

Ranar kuwa rana ta buɗe sosai, rufin kwano yana ƙara. Duk wanda ke tashar ya shigo, 'yan kamasho suka toshe ƙofa, masu dako suka toshe taga, iska ta rasa ta inda za ta bi. Aka fara tsere. Sodangi ya sha kwanar kwalin nan ba tare da ya ganta ba, ya bar Maiwada a baya, shago ya ɗauki ihu. Ana gab da ƙarshe hoton ya fara cijewa. Ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa.

Idan kwamfutar ta ɗauke kafin Sodangi ya kai ƙarshe, Maiwada zai ce inji ne ya cece shi, kuma shi ke nan. Sodangi ya kai hannu ya taɓa akwatin, ya janye da sauri. Abin da ya biyo baya ba shawara ba ce. Hannu ne da ya yi shekara da shekaru a hanyar Zurmi, wanda ya san abin da ake yi wa lagireto idan ya tafasa. Butar alwalarsa tana nan kusa da ƙafarsa, cike da ruwan randa mai sanyi. Ya ɗauka ya tuttula ta gefen da ya buɗe.

Aka ji tas, ƙaurin ƙonanniyar roba ya tashi, allon ya yi baƙi.

Maiwada ya daɗe yana kallon butar, sannan ya ce a hankali, "Wallahi Baba, ko ni na, haka nika yi." Ya juya ga jama'a. "Kuma shi ag gaba. Duk mun gani."

Babu wanda ya musa, babu kuma wanda zai sake samun damar musawa, domin mai gyara a Gusau ko kwance kwamfutar bai yi ba, shinshinawa kawai ya yi ya ce a yi haƙuri. Saratu ta mayar mata da rigarta, yanzu ba mai cewa a cire.

Sodangi ya koma bencinsa. Direbobi suna wucewa suna ɗaga masa hannu, "Direba, ina gajiya?" da girmamawa ta gaske, wadda ya daɗe yana nema. Yakan amsa da fara'a. Idan sun yi lodi sun tafi, sai ka ga yatsunsa a kan gwiwar nan da ta mutu, suna danna hagu, suna danna dama.